Yadda Ake Shirya Gasar Waƙa ta Ƙasa da Ƙasa a Talabijin

Idan gidan talabijin ɗinku aka ɗora wa karɓar baƙuncin gasar waƙa tsakanin ƙasashe, kuma kai aka damƙa wa ragamar, fara da tsayar da ranar zagayen ƙarshe a kalanda, sannan ka riƙa ƙirgo watanni kana dawowa baya. Shekara guda ita ce daidai. Wata tara ma za a yi, amma barci zai yi ƙaranci. Ƙasa da wata shida kuwa, sai dai ka rage girman gasar, domin akwai abubuwan da kuɗi ba ya sa su sauri: biza, kwangilar zaure, da amincewar ƙasashen da za su turo mawaƙansu.

Zan riƙa kawo misali da Eurovision, gasar da Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai, wato EBU, ta fara a birnin Lugano na Suwizalan a 1956 da ƙasashe bakwai. Kusan duk tangarɗar da za ta iya samunka ta riga ta same su a gaban miliyoyin masu kallo, kuma yawancin dokokinsu daga irin wannan tangarɗa suka samo asali. Ba sai taka ta kai girman tasu ba. Gasar ƙasashe takwas da ta ƙasashe arba'in ciwon kansu iri ɗaya ne, yawa ne kawai ya bambanta.

Abin da za ka tanada tun farko

Uwar gasa. Dole a sami wata ƙungiya da ta mallaki gasar, wadda ba gidan talabijin ɗinku ba. Ita za ta naɗa babban mai sa ido, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a kan doka da sakamako. Mai masauki ɗan takara ne shi ma, saboda haka ba zai yi alƙalanci a kan kansa ba. In babu irin wannan ƙungiya, gidajen da za su shiga su kafa kwamitin haɗin gwiwa, kowa da wakili.

Zaure mai rufi, wanda rufinsa zai iya ɗaukar nauyin fitilu da lasifikoki da alluna, ga kuma fili a kusa na ɗakunan shiryawa, ɗakin 'yan jarida da wurin ajiye motoci.

Motar watsa shiri daga waje guda biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya a kunne tana jiran ko ta kwana. Kyamarori na tsaye, na kafaɗa, da aƙalla guda ɗaya mai dogon wuya da za ta shawagi bisa kan jama'a. Makirufo marasa waya da 'yan na'urorin kunne na mawaƙa, kowane da na canji.

Wutar lantarki taka ta kanka. Janareto biyu da ke aiki tare, ta yadda in ɗaya ya tsaya ɗayan zai riƙe ba tare da fitila ta ƙifta ba. Wutar gari ta zama ta uku.

Hanya biyu ta fitar da hoto zuwa sauran ƙasashe: tauraron ɗan Adam da wayar intanet ta ƙarƙashin ƙasa, kuma kada su bi ta gini ɗaya.

Mutane: shugaban shiri, furodusa mai kula da abin da za a gani, daraktan kyamara, shugaban sauti, shugaban fitilu, manajan dandamali, mai kula da tawagogi, shugaban tsaro, lauya da ya san haƙƙin mallaka, da kamfanin bincike mai zaman kansa da zai sa ido a kan ƙuri'a. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi son tsukewa don rage kuɗi, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba.

Mataki na 1: Rubuta kundin dokoki kafin ka gayyaci kowa

Duk dokar da aka kafa bayan an san mawaƙa, wani zai ce don shi aka yi ta. Saboda haka kundin ya fita tukuna, kowane gidan talabijin ya sa hannu, sannan a fara maganar waƙa.

Ga tambayoyin da kundin zai amsa. Wa ke shiga? A Eurovision gidan talabijin ne ke shiga a madadin ƙasarsa, ba gwamnati ba, ba kuma mawaƙi da kansa ba, kuma shi ke da alhakin tawagarsa. Ka bi wannan tsari, don ka san wanda za ka kira in an yi ba daidai ba. Tsawon waƙa nawa? Su minti uku suke bayarwa, ko daƙiƙa ba a ƙarawa. Mutum nawa a dandamali? Shida. Shekara nawa? Sha shida ita ce dokar da suka daɗe a kai. Ba a shigo da dabba mai rai. Waƙa ta zama sabuwa, kuma sun fayyace abin da sabuwa take nufi: wadda ba a fitar da ita kasuwa ba kafin 1 ga Satumba na shekarar da ta gabata. Ka lura da yadda suka sa rana. In ka rubuta "sabuwa" kawai, sai ka kwana kana sauraron ƙorafi a kan wani faifai da aka ɗora a intanet shekara biyu da suka wuce.

Maganar murya da kiɗa ita ma a yanke ta. Babbar murya dole a rera ta kai tsaye. Kiɗa kuwa, Eurovision ta yi shekaru da ƙungiyar makaɗa a zaure, ta ƙarshe a 1998, daga nan aka koma kiɗan da aka naɗa. Ni ina ba ka shawarar naɗaɗɗen kiɗa. Makaɗa a zaure suna da armashi, amma sauya kayan kiɗa tsakanin waƙa da waƙa cikin ƙasa da minti ɗaya aiki ne da zai tsufar da shugaban sautinka.

Harshe: tun 1999 suka bar kowa ya rera da harshen da ya ga dama. Kai ma ko ka bari ko ka ɗaure, amma ka rubuta. Ka kuma buƙaci kalmomin kowace waƙa a rubuce tare da fassara, domin dokar hana siyasa da ɓatanci ba ta da amfani in ba ka san abin da ake rerawa ba. A 2009 an nemi Jojiya ta canja kalmomin waƙarta saboda ana ganin habaici ne na siyasa, ta ƙi, ta janye daga gasar da aka yi a Mosko. Irin wannan rigima a teburi ake son ta ƙare, watanni kafin gasa.

Sai dokar da kowa ke mantawa: in aka yi kunnen doki fa? A 1969 a Madrid, ƙasashe huɗu, Sifaniya, Birtaniya, Holan da Faransa, suka tashi da maki daidai wa daida a sama, babu dokar raba gardama, sai aka ce duk sun ci. Shekarar da ta biyo baya wasu ƙasashe suka ƙaurace wa gasar. Rubuta hanyar raba kunnen doki har hawa uku, misali wanda ya fi samun makin masu kallo, in har yanzu daidai ne wanda ƙasashe da yawa suka ba maki, in har yanzu daidai ne wanda ya fi samun maki mafi girma.

Mataki na 2: Kuɗi, da wanda zai ɗauki me

Kuɗin irin wannan gasa ta ƙofa biyar yake shigowa: kuɗin shiga da kowane gidan talabijin ke biya, aljihun mai masauki, gudummawar birnin da ya karɓi baƙunci, masu ɗaukar nauyi, da tikiti. Kada ka dogara da tikiti sosai, domin dandamali, kyamarori da wurin zaman mawaƙa za su cinye wani babban yanki na kujerun zauren. Sai an gama zana dandamali za ka san kujera nawa ta rage, saboda haka kada ka sayar da tikiti kafin nan.

Kuɗin shiga ba sai ya zama ɗaya ga kowa ba. A Eurovision gidajen manyan ƙasashe irin su Jamus, Faransa, Italiya da Birtaniya sun fi kowa biya, kuma suna wucewa zagayen ƙarshe kai tsaye. Mutane na gunaguni a kan wannan gata, ni ma ba ya burge ni, amma shi ke sa ƙananan gidaje su iya shiga. Abin da ba a sasautawa shi ne a rubuta ƙarara cewa kowace tawaga ita za ta biya jirginta, otal ɗinta da duk wani ƙarin ado da ta nema a dandamali.

Ware wani kaso na kasafin ka kulle, kada ka faɗa wa masu zane yana nan. Ka kuma sayi inshorar sokewa. A 2020 annobar korona ta sa an soke Eurovision, karo na farko a tarihinta, bayan birnin Rotterdam ya yi nisa da shiri.

In al'adar gasarku ita ce wanda ya ci ya karɓi baƙunci, a bar masa ƙofar cewa ba zai iya ba. Isra'ila ta ci a 1979 ta ce ba za ta sake ɗauka ba, aka yi ta 1980 a Holan. Yukiren ta ci a 2022, yaƙi ya hana, BBC ta shirya ta 2023 a Liverpool a madadinta.

Mataki na 3: Zaɓen birni da zaure

Bari birane su nema, kai kuma ka ba su sharuɗɗa a rubuce. Ma'aunin da Eurovision ta saba bayarwa shi ne zaure mai ɗaukar kimanin mutum 10,000, filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a kusa, da ɗakunan otal kusan 2,000. Rage wannan daidai girman taka gasar. Abin da ba ya raguwa sosai shi ne lokaci. Zauren zai kasance a hannunka kai kaɗai na makonni shida zuwa takwas, don gini, gwaji da kwance kaya. Masu zaure da yawa suna amsawa da baki, sai ka buɗe littafinsu ka tarar da wasan ƙwallo a tsakiyar makonninka. Duba littafin da idonka.

Je da injiniya, ya hau rufi ya faɗa maka nauyin da zai ɗauka. Auna ƙofar shigar kaya, ka tabbata babbar mota za ta iya juyawa a bayanta. Tsaya a tsakiyar zauren ka tafa hannu ka saurara, in amsa-kuwwa ta daɗe tana yawo, sai an rataye labule masu kauri.

Za a zo maka da shawarar wani tsohon gini mai ban sha'awa da za a gyara. Ka yi hattara. A 2014 an yi gasar a wani tsohon wurin ƙera jiragen ruwa a Kopenhagen. A talabijin ya yi kyau matuƙa, amma kuɗin gyaransa ya zarce kasafi nesa ba kusa ba. In babu babban zaure a ƙasarku, babban situdiyo da 'yan kallo ɗari biyar ya fi filin wasa marar rufi, inda iska da ruwan sama za su raba ka da sautinka.

Tsayar da sa'ar farawa tare da sauran ƙasashe, ba kai kaɗai ba. Eurovision da ƙarfe tara na dare agogon tsakiyar Turai take farawa ko ina aka yi ta, shi ya sa da aka yi a Baku a 2012 sai tsakar dare aka fara a can.

Mataki na 4: Tawagogi

Kowace ƙasa ta naɗa shugaban tawaga, kuma da shi kaɗai za ka riƙa magana. Ka tara su wata biyu kafin gasa, kowa ya miƙa waƙarsa, kalmominta, naɗaɗɗen kiɗa, zanen yadda yake son dandamali, da takardar da ke ba da izinin watsa waƙar a talabijin, rediyo da intanet a duk ƙasashen da ke ciki. Wanda bai kawo takardar ba, waƙarsa ba ta shiga.

Ka zauna da hukumar shige da fice da ta kwastan tun da wuri, a sami jami'i guda da ya san da zuwan mutanenka da kayansu. Kowace tawaga a haɗa ta da ɗan rakiya mai jin harshenta. Katin shaida ya zama mai launi daban daban, kowane launi da iyakar inda yake shiga.

Mataki na 5: Dandamali, sauti da kyamara

Masu zane suna son dandamalin da zai ba mutum mamaki in ya shigo zaure. Kai ka riƙa tambayarsu yadda zai fito a allon talabijin, sannan ta ina kaya za su shiga su fita. Dandamali ɗaya ne zai ɗauki waƙa ashirin ko fiye, mai sanyi da mai zafi, kuma bai kamata ya fifita wata ba. Ƙofar shigar kaya daban, ta fita daban, ƙasa a shafe babu matakala, kowane kaya a kan taya.

Tsakanin waƙa da waƙa ana saka ɗan gajeren fim na gabatar da ƙasar da ke tafe, kimanin daƙiƙa 40. Mai kallo yana ganin mawaƙi yana yawo a wani kyakkyawan wuri, masu sharhi suna ba da labarinsa. A zaure kuwa fitilu sun dushe, mutane sanye da baƙaƙen kaya sun ruga da gudu. Wasu na tura kayan da aka gama da su ta hagu, wasu na shigo da sababbi ta dama, ɗaya na bin ƙasa da tsumma yana goge gumi da burbushin takardun ado don kada mai rawa ya zame. A ƙasan dandamalin an manna 'yan guntayen tef, kowace ƙasa da launinta, ƙafar kowane kaya da inda za ta sauka. Wani ya riƙo hannun mawaƙiya cikin duhu ya tsayar da ita a kan alamarta, ya miƙa mata makirufo, ya taɓa kunnensa yana tambayarta ko tana ji. Manajan dandamali na ƙirgawa a rediyon kunne: goma, tara, takwas. Kafin ya kai uku babu kowa a wurin sai ita. Duk kayan da ba za su shiga su fita cikin wannan lokaci ba, ka ƙi su tun a takarda, ko da shugaban tawaga zai yi fushi.

A ɓangaren sauti, abu uku ake haɗawa daban daban: abin da zaure ke ji, abin da mawaƙi ke ji a kunnensa, da abin da ke tafiya gidajen mutane. Kowanne da mai kula da shi. Mawaƙin da ya kauce wa kiɗa a gasa, sau da yawa ba muryarsa ce ta gaza ba, kunnensa ne ba ya jin kansa. Ka ba kowane mawaƙi lokaci a wani ɗaki ya daidaita abin da yake son ji, a adana, a dawo masa da shi daidai a kowane gwaji. Nemi izinin mitocin makirufo marasa waya daga hukumar sadarwa, kuma ka hana 'yan jarida shigo da nasu ba tare da an duba ba, don guda ɗaya ya isa ya shiga cikin muryar mawaƙi.

Kyamara kuwa ba a barin ta ga sa'a. Kowace waƙa ana rubuta mata jerin ɗauka, daƙiƙa bayan daƙiƙa, wace kyamara, daga ina, zuwa ina. Manyan gasa suna ɗora jerin a manhajar da ke sauya kyamara da kanta tana bin kiɗan. In ba ka da ita, mataimakin darakta ya riƙe takarda yana ƙirga bugun kiɗa da baki yana kiran lamba. Haka aka yi shekara da shekaru kuma yana aiki. Fitilu masu walƙiya da sauri a gwada su da na'ura, domin suna tayar wa masu farfaɗiya da ciwo. Tartsatsin wuta na ado kuma sai jami'an kashe gobara sun gani sun yarda.

Mataki na 6: Jerin fitowa

In ƙasashe sun fi ashirin da biyar, raba su. Eurovision ta shigo da zagayen kusa da na ƙarshe a 2004, ta mai da shi biyu a 2008. Wanda zai fara da wanda zai rufe kuwa, da ƙuri'ar sa'a ake fitarwa a da. Daga 2013 furodusoshi suka karɓi tsara jerin, bayan ƙuri'a ta nuna wa kowa rabin da ya faɗa, na farko ko na biyu. Na fi son wannan. Ƙuri'a zalla tana iya jero maka waƙoƙi masu sanyi biyar a jere, mai kallo ya canja tasha, ko ta haɗa ƙasashe biyu masu manyan kaya gaba da baya. Amma in gasarku sabuwa ce kuma amana ba ta kafu ba, yi ƙuri'a a bainar jama'a, ka haƙura da abin da ta bayar.

Mataki na 7: Gwaji

Kafin tawagogi su iso, ɗauko ɗaliban kiɗa su tsaya a madadin mawaƙa, a yi kowace waƙa da fitilu da kyamara, a tura wa kowace tawaga hoton ta yi gyara tun tana gida. In sun iso, kowa ya sami gwaji biyu, minti ɗaya ba a ƙara wa wani, har ƙasarku. Bayan kowane gwaji su shiga ɗaki su kalli abin da aka ɗauka, su rubuta ƙorafinsu. Sa ranar rufe gyara, in ba haka ba wasu za su yi ta canja ra'ayi har daren gasa.

Sannan a yi cikakken gwaji sau uku, daga buɗewa har rufewa, da masu gabatarwa, da makin ƙarya. A ɗaya daga ciki ka kashe janareto ɗaya da gangan, ka yanke layin wata ƙasa, ka ga yadda mutanenka za su yi. Naɗi gwajin ƙarshe, ranar gasa a kunna shi yana tafiya daidai da shirin kai tsaye, in wani abu ya faru a zaure sai a juya kansa. A 2021 an sa kowace ƙasa ta naɗi wasanta a gida don gudun hana tafiya. Ostireliya da nata ta yi takara, Aisland kuma da hoton gwajinta, bayan cutar korona ta kama ɗaya daga cikin mawaƙanta.

Mataki na 8: Ƙuri'a

Nan ne gasa ke tsayawa ko ta faɗi. Za a yafe maka fitilar da ta mutu, amma ba za a yafe maka makin da ake zargi ba.

Tsarin da Eurovision ke bi tun 1975 yana da sauƙin fahimta: kowace ƙasa ta ba waƙoƙi goma da ta fi so maki 1 zuwa 8, sai 10, sai 12, kuma ba ta ba kanta. Kyawunsa shi ne ƙasa mai mutum miliyan ɗaya da mai miliyan tamanin nauyinsu ɗaya. Wa ke ba da makin? Da alƙalai ne kaɗai. An gwada ƙuri'ar masu kallo ta waya a ƙasashe biyar a 1997, ta bazu a 1998, sai ƙorafi ya yi yawa cewa maƙwabta na zaɓen juna, 'yan ci-rani kuma na zaɓen gida. A 2009 aka dawo da alƙalai a zagayen ƙarshe, rabi da rabi. Ni ma rabi da rabin nake ba da shawara, domin kowane ɓangare yana da nasa son rai, kuma ɗaya na rage kaifin ɗaya.

Alƙalai su zama masu sana'ar kiɗa, babu mai alaƙa da wani ɗan takara, kowa ya sa hannu a kan haka. Su zauna a ƙasarsu, a ɗaki ɗaya, ba waya a hannu, da shaida mai zaman kansa. Kowa ya jera waƙoƙin shi kaɗai ba tare da shawara ba. Sa su yi alƙalanci a kan cikakken gwajin daren jajibiri, don a sami lokacin bincike. Binciken ba wasa ba ne: a 2022 an soke makin alƙalan ƙasashe shida bayan an ga alamar sun yi musayar maki a zagayen kusa da na ƙarshe.

Ƙuri'ar masu kallo, ko ta kira, ko saƙon tes, ko manhaja, a sa mata iyaka ga kowace lamba. Zauna da kamfanonin waya na kowace ƙasa su gwada layinsu da cunkoso, domin ƙuri'un cikin 'yan mintuna suke zubowa gaba ɗaya. In wata ƙasa layinta ya faɗi ko ƙuri'unta ba su kai adadin da aka gindaya ba, kundin dokoki ya riga ya faɗi abin da zai maye gurbi. In ba ku da ƙarfin ƙuri'ar waya sam, ku tsaya a kan alƙalai, ku ƙara yawansu, ku sa har da masu sauraro na gari. Ya fi ƙuri'ar intanet marar tsaro, wadda mutum ɗaya da kwamfuta zai cika ta.

Lissafi a yi shi sau biyu, a na'ura biyu, hannu biyu da ba sa ganin juna, kuma kada maki ya hau allo sai babban mai sa ido ya ce ya inganta. A 2019 kuskuren mutum ɗaya wajen shigar da makin da aka lissafa a madadin alƙalan Belarus ya sa EBU ta gyara jerin sakamakon kwanaki bayan gasa. Wanda ya ci bai canja ba, amma ka ƙaddara da ya canja.

Wajen sanarwa, ka bi abin da suka koma yi tun 2016: a fara da makin alƙalai ƙasa bayan ƙasa, sannan a zubo na masu kallo a dunƙule, ta yadda ba a sanin gwani sai a ƙarshe. Kowane mai sanar da makin ƙasarsa a gwada layinsa da rana, a kuma ja masa kunne ya gaisa a taƙaice. Makinsa kuwa ya riga ya iso a rubuce, in layi ya yanke sai mai sa ido ya karanta.

Mataki na 9: Daren gasa

Hoton da za ka tura wa ƙasashe ya tafi da sautin zaure kawai, kowace ƙasa ta ɗora muryar mai sharhinta. Masu sharhi a ba su 'yan ɗakuna masu kallon dandamali, da takardar bayanin kowace waƙa da yadda ake furta sunan kowane mawaƙi. Wasu gidajen suna tafiya talla, wasu kamar BBC ba sa yi, saboda haka a lokacin talla shiri ba ya tsayawa. Mai gabatarwa ya shiga wurin zaman mawaƙa ya yi hira da su har masu talla su dawo, kuma a sanar da kowa daƙiƙar fita da ta dawowa.

Masu gabatarwa su iya harsunan gasar da gaske, kuma a rubuta masu abin faɗa na minti biyu, na minti biyar, da na minti goma, don ranar da wani abu zai tsaya. Wasan da za a yi lokacin ƙirga ƙuri'a ya zama mai iya miƙewa ko gajarcewa.

Tsaro ya fi ƙarfi a bakin dandamali. A Oslo a 2010 wani ya haye ya shiga cikin masu rawar Sifaniya, aka ba su dama suka sake yi a ƙarshe. A Lisbon a 2018 wani ya fizge makirufo daga hannun mawaƙiyar Birtaniya, aka yi mata tayin sakewa ta ce a bar shi. Sa masu tsaro a kowace kusurwa da mutum zai iya hawa, fuskarsu na kallon jama'a. Daraktan kyamara ya san cewa nan take zai koma hoto mai nisa. Hukuncin sake waƙa na mai sa ido ne shi kaɗai. Tutoci da allunan rubutu kuma a faɗi wanda aka yarda da shi tun a jikin tikiti.

Mataki na 10: Bayan an rufe

A daren nan a wallafa cikakken sakamako, makin kowace ƙasa da na kowane alƙali, kafin jita-jita ta riga ka. Wanda ya ci a kai shi gaban 'yan jarida, sauran tawagogi kuma motocinsu su kasance a shirye, don wanda ya sha kaye ba ya son tsayuwa a bakin ƙofa. Kwance kaya yana cin kwanaki, kuma a nan aka fi jin rauni saboda kowa ya gaji, don haka a kawo ma'aikatan da suka huta. Cikin mako biyu ka tara shugabannin sassa, kowa ya rubuta abin da ya yi aiki, abin da ya lalace, da ainihin kuɗin da ya kashe. Haɗa wannan da zanen zaure, jerin ɗaukar kyamara da kwafin kwangiloli, ka miƙa wa gidan da zai karɓi baƙunci na gaba.